Hayaƙin Gidan Wakili

Daga Gadarif har Basunda, duk wanda ya lissafa manyan mutane ya tsallake Wakili Salisu bai iya lissafi ba, kuma Wakilin da kansa zai gyara masa. Mutum ne da Allah ya yi wa baiwa. Rawaninsa kaɗai ya isa a ɗinka wa marayu biyu riga. Jallabiyarsa fara fat ba ta san laka ba, don ko a tsakiyar damina sai an shimfiɗa masa buhu kafin ya sauko daga lori. 'Yan baƙin ciki suna cewa wai a da an sha ganinsa da lauje cikin 'yan ƙwadago yana yankan riɗi. Sharri ne. Wakili ya sha yin bayani cewa a lokacin nazarin riɗi yake yi daga kusa.

Aikinsa kula da gonar wani tajirin Gadarif, irin manyan gonakin nan da ake kira mashru'i, waɗanda tarakta ke wuni ba ta ga ƙarshensu ba. Tajirin ba ya leƙowa sai da kaka, saboda haka Wakili ke da wuƙa, shi ke da nama. Gonar kuwa ta yi albarka a hannunsa, har girma take yi da kanta: kowace shekara sai a wayi gari iyakarta ta matsa gaba. Shi ya sa mutanen Hillar Ɗantsoho, ƙaramin ƙauyen da ke gefenta, suke kiransa Ci-Iyaka, a bayan idonsa dai. Bara waccan ta haɗiye gonakinsu na gabas. Bara ta haɗa da makiyayar awaki da hanyar hafiri, tafkin da suke ɗiban ruwa. Da dattawa suka kai kuka, Wakili ya tara direbobin taraktocinsa a gabansu, ya karanta dokar da ya ƙago, wadda yake ji da ita kamar ɗan fari.

"Ku ji da kyau, ya jama'a. Duk inda hayaƙi ba ya tashi, ba mutane ke nan. Inda ba mutane, ƙasar mashru'i ce. Ku sa mata garma, kada ku tambayi kowa, ko da ni ne."

Abu ɗaya ke ci wa bawan Allahn nan rai. In ya je gidan tajiri a Gadarif, kusa da takalma yake zama, kuma shi ke miƙa buta. Mai rawani irin wannan kuwa ai ya cancanci wurin da za a riƙa zuwa ƙofarsa kowace safiya ana tambayar yadda ya kwana. Ya duba gabas ya duba yamma, bai ga inda ya dace da wannan sa'a ba sai Hillar Ɗantsoho. Zai sayi gida a tsakiyarta, ya zauna, sarautar gari kuma ta biyo shi da ƙafarta. Ya sayar da 'yan shanun da ya tara, ya haɗa da awarwaron matarsa Ummusalama, ya nufi ƙauyen ana gab da damina.

Abin da ko kajin garin sun sani, Wakili bai sani ba, shi ne mutanen sun gama shawara. Ba gona, ba ruwa, zaman me ake? Sun riga sun sami fili a bakin kogin Rahad wajen Hawata, kuma kafin ruwa ya sauka za su tashi gaba ɗaya.

Shehu Ɗantsoho, mai garin, ya karɓe shi a rumfa, aka kawo jabana, wato gahawa. Tun Wakili bai gama buɗe baki ba tsohon ya yarda zai sayar masa da nasa gidan, mai itacen aduwa a ƙofa. Wakili ya ɗauka kwarjini ne. Tsohon kuwa, da yake mai tsoron Allah ne, ya yi ta ƙoƙarin faɗa masa gaskiya. Da ya ce, "Wakili, akwai dai magana, mu fa kafin ruwa..." sai Wakili ya ɗaga hannu, don ba a katse babban mutum.

"Na san abin da za ka ce, ya Shehu. Tsoro kuke kada in raina ku. Ku kwantar da hankali, uba kuka samu. Sai dai sharaɗi ɗaya: ni ba na sayen ciyawa, fili nake saya. Waɗannan bukkokin naku da dangar kara, ku kwashe kayanku. Jan bulo da kwano zan kawo muku, ku ga yadda mutane suke zama."

Tsohon ya shafa gemu ya ce to, tamam, ya yi daidai.

Kafin la'asar maƙwabta sun yi layi, kowa yana son sayar da nasa filin. Wakili bai ƙi ba. Ya sayi nan don ɗaure dokin da bai saya ba tukuna, ya sayi can don baƙin da za su riƙa zuwa daga Khartum, har aljihunsa ya koma kamar yadda tela ya ɗinka shi. Ya aika wa Ummusalama cewa ƙauyawa ba su san darajar ƙasa ba, ya yi musu wayo irin na manya.

Aka gina ɗaki ɗaya mai koriyar ƙofar ƙarfe, domin iya abin da bulon ya isa ke nan, da dogon dakali a gaba saboda masu gaisuwa. Wata safiya Wakili yana tsaye kan dakalin sai ga jinkar bukka tana tafiya a kan titi, maza sun shiga ƙarƙashinta sun ɗauke ta cak, kamar kunkuru mai ƙafafu da yawa. Daɗi ya kama shi. Ga biyayya! Har ya kira Jatau, babban direbansa, ya ce ya ɗaura tirela ya taimaka musu da kwasar sharar. Jatau ya ce ai wurin da nisa, kuma shin Wakili ya san inda za su? Wakili ya ce ya kai su ko bangon duniya ne, muddin idonsa ba zai ƙara gani ba.

Daga nan ya tafi Gadarif haɗo kayan walimar shiga gida. Ya daɗe can, don jawabin da zai yi wa talakawansa ya ƙi zama a ka, kullum yana maimaita shi gaban madubi. Ya dawo a lorin haya da Ummusalama, da gadaje, da tukwane, da rago.

Lorin ya tsaya a gindin aduwa. Ba bukka, ba danga, ba ko kukan akuya. Sai zagaye-zagaye a ƙasa inda ɗakuna suka taɓa tsayawa, da duwatsun murhu baƙi ƙirin. Ko rumfar masallaci an tafi da ita. Shehu Ɗantsoho kaɗai ke zaune a dakali, jakinsa da kaya a baya, ya tsaya ne don kada a ce ya tafi ba sallama.

"Ga gari nan, Wakili, amana," in ji shi. "Daga yau kai ne mai shi, kuma ba mai ja da kai."

Ya hau jakinsa ya kama hanyar Hawata.

Wakili ya gyara rawani, ya ce dama hayaniyar wurin ta yi yawa, babban mutum kuwa yana bukatar natsuwa. Ummusalama ba ta ko sauko daga lori ba. Ta tambaye shi wurin wa za ta ari gishiri, a ina kuma za ta ɗebi ruwa tunda ya nome hanyar hafiri da hannunsa, kana ta tambayi awarwaronta. Ta sa aka jefo masa gado da buta, ta koma Gadarif da tukwanenta da ragon.

Ruwan fari ya sauka, lokacin shuka ya yi. Tajiri ya ji labarin ƙauye ya watse, ya yi murna, ya ce lalle wakilinsa ya iya aiki. Washegari Jatau ya shigo da tarakta ya nome Hillar Ɗantsoho tas, har filin doki da na baƙin Khartum, ya zo yana kewaya dakali. Wakili ya fito ba takalmi, yana tsalle cikin laka yana ihu.

Jatau ya rage wuta, ya gaishe shi da ladabi. "Ma'alesh, yi haƙuri ya Wakili, ban ga hayaƙi ba ne. Kai ka ce kada a tambayi kowa, ko da kai ne." Ya ƙara da cewa tajiri ya yaba ɗakin ƙwarai, ya ce tunda ba kowa a wurin, zai yi daidai da ajiyar gangunan mai.

Ranar aka ga abin da ba a taɓa gani ba. Wakili Salisu a tsugune, jallabiya ta yi kaca-kaca, ya tara jiƙaƙƙen kara da kashin jakin Shehu, yana hurawa, idanu jajir suna zubar da ruwa, yana fifita da bakin rawani. Da ƙyar ɗan hayaƙi ya miƙe. Jatau ya duba, ya gyaɗa kai, ya juya tarakta.

Duk daminar nan masu bin hanyar Hawata suna hango hayaƙi yana tashi daga tsakiyar gonar dawa, safe da yamma, ba tukunya a kansa. Kuma kada wani ya ce burin Wakili bai cika ba. Kowace safiya ta Allah akwai mai zuwa ƙofarsa ya tambayi yadda ya kwana: Jatau ne, ya zo duba ko wutar ta mutu.