Ranar da Baba Bulus Ya Ce Dabul

Har in mutu ba zan taɓa mantawa ba da dabul ɗin Baba Bulus.

Baba Bulus tsohon ma'aikacin ban-ruwa ne a nan Mafara, shi ya koya mani birij, kartar 'yan boko da ake yi biyu-biyu. Abokin wasansa ya koma garinsu, sai ya jawo ni daga shagon cajin waya. (Ni da na gudu daga aji uku saboda lissafi, ga ni ina ƙirga kati sha ukku.)

Sati biyu da farawa sai ga Alhaji Mani da ƙanensa daga Maradun, waɗanda suka shekara suna lallasa Baba. Baba ya ce mani, "Yaro, in ka kunyata ni yau, ka koma cajinka." Ni kuwa kujerar wasan nan da shayin Mama, matar Baba, sun riga sun shiga raina.

Aka gama gaisuwa har da tambayar shanu, aka raba kati. Kowa zai faɗi launin katin da yake so a buga, daimon ne, shebur ne, ko zuciya. Na ce, "Daimon ɗaya." Alhaji ya tsoma baki, "Shebur ɗaya." Baba ya ce, "Dabul."

To, a irin wannan wuri, in abokin gaba ya tsoma baki, dabul ba faɗa ba ne. Saƙo ne: ina da zuciya huɗu, in kana da ita ka faɗa. Baba ya koya mani wannan sau uku. (Duka ukun ina latsa waya.) Ni dabul ɗin da na sani na kartar tasha ne, na an kama mutum. Ga zuciya huɗu a hannuna, amma na ce, "Fas!", wato na wuce, a buga shebur ɗin a haka. Har na miƙe tsaye.

"Alhaji, yau ka shiga hannu! A kira mai mashin, Maradun za ka koma ba hula!"

Alhaji ya dube ni ta saman tabarau. "Ɗana, mi ka ce sunanka?"

Ci bakwai cikin sha ukku Alhaji yake nema. Ya ci goma, yana yi yana kurɓar shayinmu. Ƙanensa ya leƙo zuciyoyina ya ce, "Wagga duka ka ɓoye ma wa, ɗan samari? Budurwa?"

Na soma laluben takalmina. Sai Baba ya ce, "Zauna. Ni ma ranar da na fara, hakanan na yi. Raba kati."

Daga baya Mama ta raɗa mani cewa ƙarya ne, bai taɓa yi ba. Allah ya saka wa tsohon nan.

Kujera dai tana nan, sai dai duk kasuwar Mafara yanzu Dabul ake kirana. Kuma ko mai shayi ya ce mani dabul, sai na tambaya: faɗa ne, ko zuciya kake nema?