Wandon Dakta Kusan-Kusan

Jama'a, ku taya mu murna, gidanmu ya fitar da gwani! Ƙanina ne ciki ɗaya, ni na goya shi har ya sha jiƙa min zane, amma yanzu sai na yi sallama sau uku kafin ya ɗago kai daga takarda. Ɗalibansa na kiransa Dakta Kusan-Kusan, shi kuwa ya ɗauka lambar girma ce.

Aikinsa farautar wata ƙwayar zarra marar nauyi, wadda ba wanda ya taɓa gani, har shi. Na ce ya yi min bayani, sai ya gyara tabarau.

"Yaya, a duniyar da nake bincike awo ba ya tasiri, babba da ƙarami kusan ɗaya ne. Dabararmu kuwa, duk abu mai nauyi mu cire shi daga lissafi, mu riƙe marar nauyi."

Na yarda, don tuni ya cire ɗaukar buhu da gyaran famfo da zuwa gaida surukai.

Sai jami'a ta sa ranar da zai yi lacca gaban manyan baƙi, su yanke ko ya cancanci kujerar farfesa. Matarsa ta kira tela ya ɗinka masa kwat da wando. Tela ya zaro tef, Dakta ya ɗaga hannu.

"Kada ka taɓa ni. Ga wandon ranar aurena, yi kusan haka."

"Ranka ya daɗe, tumbin fa?"

"Mai nauyi ne. Cire shi daga lissafi."

Ranar lacca daga falo nake jin nishinsa, matarsa na kokawa da maɓalli. Ya hau dandamali a sandare, ya cika allo da alli yana zuba Turanci.

"Ya ku masana, tawa ƙwayar ta fi kowacce rashin nauyi, wurinta can ƙasa!"

Ya duƙa zai rubuta ta a gindin allo. Ɓarrrr! Wando ya yage ta baya, maɓalli ya tashi sai cikin kofin babban baƙo. Gwanina ya manna baya da allo, ya ƙarasa laccar yana jan jiki gefe-gefe. Da baƙi suka nemi ganin sakamako, babu. Kwat ta share shi tas!

Kujera ta tafi ofishin wata malama maƙwabciyarsa a jami'a.

"Yaya, ai kusan na samu."

"Kusan kam. Tela na falo da tef. Miƙe, ɗaga hannu."