Zoɓon Ruwan Indararo

Ba zan taɓa mantawa da zoɓon da na dafa ranar sunan jikata ba, matan unguwarmu ta Magajiya ma ba za su bari in manta ba.

Maman Ilham ce sila, maƙwabciyata mai aiki a wurin gwajin ruwa a Abuja. Ta yi wa bangon gidanta wani farin fenti mai ƙyalli, wai ruwan sama ke wanke masa datti. 'Yan acaɓa har kwatance suka koma yi da shi. Ni da aka haifa a unguwar, gidana ya zama "na kusa da farin gidan nan". Wallahi abin ya tsaya mini a rai.

Na tasa maigidana Alhaji a gaba sai da ya sayo irin fentin. Da yake so nake in wuce ta, na sa mai fenti ya bi har kwanon rufi da cikin indararo (don Allah wa yake leƙa cikin indararo?). Ta nan kuwa muke tarar ruwa a duro, don famfonmu sai ya ga dama.

Ranar suna ina ta cika baki a gaban surukai cewa da ruwan Allah na dafa zoɓon, ba na 'yan garuwa ba. Maman Ilham ta dubi rufin, ta ajiye kofinta. Ta raɗa mini cewa irin fentin nan yana sakin wasu mitsi-mitsin ƙwayoyi da ido ba ya gani, ruwa ya kwaso su, tacewa da ƙyalle ko tafasawa ba sa raba su. Da na yi shiru da asirina ya rufu. Sai na ɗaga murya:

"Hassada ce, don nawa ya fi naki haske!"

Na buɗe duron don in ƙaryata ta. Farin abu ne kwance a ƙasa kamar gasarar koko.

"Wannan ma wanda ake gani ne, Hajiya," in ji ta.

Surukar 'yata ta fizge kofin mai jego. Maman Ilham ta aika aka kawo ruwan leda, mata suka shiga sa mata albarka a tsakar gidana. Wannan ya fi zoɓon da aka zubar yi mini ciwo.

Har gobe ina jin haushinta. Sai dai yanzu kafin in wuce maƙwabciya, nakan tambayi abin da ya sa ta tsaya inda ta tsaya.