Rasuwar Kaka Boila ta Gidan Choji

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, amma ba tare da sunkuyar da kai ba, Malam Choji na Fort Washington, can ƙasar waje, yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki rasuwar Kaka Boila, tukunyar da ke dafa ruwan ɗumama gidansa. Ta cika ranar Talata da hantsi a ɗakinta na ƙarƙashin ƙasa, ana tsakiyar sanyin Janairu.

Marigayiyar ta girmi kowa a gidan. A can suka tarar da ita ranar da suka tare, ta karɓe su ba ta tambayi takardun kowa ba. Ta busar da safar yara. Ta ɗumama ƙafafun matarsa Pauline duk ranar da ta dawo daga aikin jinya a gajiye. Ita ce ta riƙe surukarsa da rai lokacin da tsohuwar ta zo daga Pankshin tana cika bakin cewa ta san sanyi.

Kuma Kaka tana da murya. Da safe takan ce ƙulul-ƙulul a cikin bango, wani lokaci ta ƙara da ƙwas, ƙwas. Choji a Jos ya tashi, a unguwar da famfo kan yi makonni a bushe. A can, in bututu ya fara tari da ƙugi, albishir ne: ruwa ya zo, kowa ya ɗauko bokiti. Don haka duk sanda Kaka ta yi ƙugi sai ransa ya yi fari, har ya kira yara su ji lafiyar gida.

Mai gyara, wani Gregory, da ya duba gawar ya ce ƙugin nan ba lafiya ba ne, iska ce ta maƙale a bututu. Wai akwai wani ɗan makulli da ake murɗa kunnen kowane lagireto, wato ƙarfen ɗumama ɗaki, da shi, iskar ta fita, a bari sai ruwa ya ɗigo a rufe. Wai shekaru Kaka tana neman agaji, har injin da ke tura mata ruwa ya gaji ya ƙone, cikinta ya tsage. Makullin kuwa yana rataye a ƙusa, a gefenta. Tun daga ranar Pauline ke gaya wa mutanen coci a waya cewa maigidan ne ya kashe ta da murna.

Choji bai amince da wannan hukunci ba, kuma yana so a sani. Ya kwana biyu yana juya maganar. In wani ya yi kuka, kai kuma a garinku haka ake dariya, ka taya shi dariya da zuciya ɗaya, kisa ka yi? Wanda ya ƙi ji daban, wanda ya ji ya yi godiya daban. A duk layin nan wa ya taɓa tsayawa ya saurari tukunyarsa kamar yadda shi ya saurari tasa? Maƙwabcinsa Osumanu ya ce sauraro ba magani ba ne. Choji ya tuna masa cewa ko sunan tasa tukunyar bai sani ba.

Ta bar lagireto bakwai, duk sun yi sanyi ƙalau, babbansu na falo har yanzu bai san abin da ya faru ba. Ta bar yaran gidan, Becky da Joel, waɗanda suka yi ta'aziyya da Turanci suka koma cikin bargo. Ta bar Choji. An ce magajiyarta ba ta yin ƙara ko kaɗan. Shi dai bai yarda da mai aikin da ba ya magana ba.

Za a yi jana'iza ranar Asabar da safe. Ana neman maza masu ƙarfin baya, domin marigayiyar ƙarfe ce zalla, matakalar kuma ƙunci gare ta. Masu sayen gwangwan da tsohon ƙarfe za su jira a waje, ba za a sa mata zarto a gaban maigida ba. Masu ta'aziyya su zo da rigar sanyi da shayinsu a fulas. Wanda ya san zai zo da wa'azin makulli ya yi zamansa a gida.

Pauline ce za ta ba da waƙa. Ta ce ita ma ta daɗe tana ƙugi a gidan nan ana ce mata albishir. Choji ya ce wannan magana ce daban, ba ta shafi mamaciya ba. Amma zai tsaya kusa da ita, zai saurara har ƙarshe, kuma ba zai tafa ba sai ya tambaya ko albishir ne ko kuka.