Jirgin da Na Ba Maki Casa'in

Ba zan taɓa mantawa da ranar da aka tura ni bakin dam in yi wa masu gyaran kwale-kwale jarrabawa ba, kuma ko da na yi niyyar mantawa, mutanen wajen ba su da niyyar taya ni. Har yau in na bi ta Bagwai a kan babur, sai wani ya ɗago hannu daga gindin bishiya ya ce, "Malam, ya ruwa?" Ko da a tsakiyar rani ne kuwa.

Ni malamin kafinta ne a wata cibiyar koyon sana'a da ke Bici. Gado, kujera, ƙofa, taga, duk wannan gidana ne, ba na jin tsoron kowa. Jirgin ruwa kuwa iyakata da shi kallo daga nesa. Ban iya iyo ba (mahaifiyata ta hana ni shiga ko kududdufi tun ina ƙarami, ni kuma da na girma sai na ci gaba da yi mata biyayya a wannan fannin kaɗai).

Abin da ya faru shi ne, an fito da tsarin cewa duk mai lulluɓe kwale-kwale da faiba sai ya sami takardar shaidar ƙwarewa, in ba haka ba babu wanda zai ba shi jirgin fito ya taɓa. Faiba wani abu ne fari kamar tabarma, ana shimfiɗa shi a bayan jirgi, a bi shi da wani gam mai warin tsiya, in ya bushe ya zama ɓawo mai tauri da ke hana ruwa shiga katako. Malamin da ya san wannan aiki a wajenmu ya tafi Umara. Sai shugaban cibiya ya kira ni ofis ya ce, "Kai ma ai katako ne aikinka, ko?"

Amsar gaskiya ita ce, "Ranka ya daɗe, ban san komai ba." Amsar da ta fito daga bakina kuwa ita ce, "Ƙwarai kuwa, wannan ai ƙaramin abu ne." Wallahi har da ɗan murmushi.

Aka ba ni fayil mai takardu huɗu. Na karance su tas, na ja layi a ƙarƙashin sharaɗin da aka ce shi ne babba: jirgi ya kasance ba ya shan ruwa. An ce in isa ƙarfe tara na safe. Ban isa ba sai bayan azahar, saboda na tsaya jiran mai guga ya gama da farar shaddata. A ganina mai jarrabawa ba ya zuwa a yamutse. Na kafa hula, na jera biro uku a aljihun gaba, baƙi da shuɗi da ja, na hau babur ina jin kaina.

Na tarar da jama'a fiye da yadda na zata. Ga manoman rani da kwandunan tumatir suna jiran fito, ga mata za su ƙetare zuwa biki, ga masunta suna gyaran koma. Sarkin Ruwa, wato shugaban masunta da masu fito na wajen, shi ya tarbe ni da fara'a, ya nuna mini mutum biyun da za su yi jarrabawar.

Na farko Malam Sale, dattijo mai farin gemu, hannuwansa duk tabon gam. Tun zamanin da ake toshe jirgi da kwano da kwalta yake wannan sana'a, da ita ya aurar da 'ya'yansa. Sarkin Ruwa ya raɗa mini cewa kwana uku ke nan dattijon bai ci abincin kirki ba don fargaba, domin bai yi boko ba, kuma an gaya masa in ya faɗi sai dai ya ajiye burushi. Na biyu kuma Habu, magidanci mai yawan dariya, wanda da can fentin mota yake yi, bara ya shigo harkar jirgi.

Jiragen biyu suna kan yashi, an ɗora kowanne a kan guma-guman itace. Kafin in matsa, sai na gyara murya na kafa dokar da ta kashe ni.

"Daga yanzu jarrabawa ta fara. Ba na son magana, daga ɗalibi ko daga ɗan kallo. Abin da idona ya gani shi zan rubuta."

Na fara da na Habu. Jama'a, jirgin nan ya yi kyau. Shuɗi ne mai sheƙi, da jan layi a gefe, har da zanen fure a goshi. Na leƙa ciki, a bushe ƙayau. Na shafa da tafin hannu, ko laima babu. Na ƙwanƙwasa gefe don a ga na ƙwanƙwasa (ban san wane sauti nake nema ba). Na zaro shuɗin biro na rubuta maki casa'in, na kuma faɗa da ƙarfi don kowa ya ji. Habu ya zaro ido, ya buɗe baki zai yi magana, na ɗaga masa yatsa.

Sai na juya wajen na Malam Sale. Ba fenti, ba ado, launinsa kamar na ƙanzo. Da na leƙa ciki kuwa sai murna ta kama ni, irin murnar malamin da ya kama ɗalibi da satar amsa. Jirgin cike yake da ruwa, kusan har baki. Ga wani layin gawayi da aka ja a ciki daidai saman ruwan, ban ma tsaya tambayar kaina amfaninsa ba.

"Baba," na ce masa, ina girgiza kai cikin tausayi, "jirgi yana kan tudu ma ya sha ruwa haka, ina ga an sa shi a dam?"

Sarkin Ruwa ya matso ya ce, "Malam, ai ruwan nan da ka gani..."

"Ranka ya daɗe, da girmanka, amma doka doka ce."

Ya koma baya ya harɗe hannu. Na zaro jan biro. Malam Sale ya sunkuyar da kai yana murza hularsa a hannu, leɓensa na motsi a hankali. Wannan hoton shi ne abin da ya fi ci mini rai har yau, fiye da duk abin da ya biyo baya.

Da na tsaya a nan, da na tafi gida da shaddata a bushe, na bar dattijo da baƙin ciki. Allah Ya taimake shi da son hotona. Na ce a tura jirgin da ya yi nasara cikin ruwa, in shiga, a ɗauke ni a waya don in liƙa a rahoto (gaskiya kuma don in tura wa matata da 'yan ofis).

Habu ya ce, "Ranka ya daɗe, da dai an bari..."

Na ɗauka kunya ce irin ta gwanaye. Na ce, "Kada ka raina aikinka, ɗauko filafili."

Ya kalli Sarkin Ruwa. Sarkin Ruwa ya kalli sama, sannan ya ce, "To, bi da shi gefe-gefe." Na lura mutane sun bar kwandunansu suna matsowa bakin ruwa, na ce a raina lallai garin nan ana girmama ma'aikata.

Mun ɗan yi nisa ina zaune a tsakiya, fayil a cinya, ina murmushi wajen mai ɗaukar hoto, sai na ji sanyi a tafin ƙafata. Na ce fallatsin ruwa ne. Can sai sanyin ya kai idon sawu. Na duba ƙasa, na ga ruwa yana ɓulɓulowa ta wurare uku, takalmina ɗaya har ya fara yawo shi kaɗai.

"Habu, mene ne wannan?"

"Ranka ya daɗe, an ɗage dokar magana?"

"An ɗage."

"To, yoyo yake yi. Tun asuba muka cika su da ruwa, ni da Baba Sale, haka ake gwadawa. A ja layi da gawayi, a jira a gani ko ruwan zai sauka. Nawa kafin hantsi ya tsiyaye tas, yashi ya shanye, rana ta busar da cikin. Na Baba kuwa ko ɗigo bai ragu ba. Ni dama na san na faɗi, jira nake ka zo ka faɗa."

Ban sami damar jin kunya a lokacin ba, tsoro ya riga ta. Na cire hulata na fara kwarfar ruwa da ita. Da na ga ba ta yi, sai na yi abin da ko jaririn masunta ya san ba a yi, na miƙe tsaye zumbur. Jirgi ya karkata, sama ta koma ƙasa, na ji ni tsundum.

Na yi salati, na yi kalmar shahada, na sha ruwa, na sake yin wata. Ina dukan ruwa da hannu biyu ina ihun a cece ni, an ce har na ambaci sunan matata na ce ta yafe mini (ni ban tuna wannan ba, amma shaidu sun yi yawa). Ina cikin haka na ji an riƙe mini kafaɗa, wata murya a natse ta ce, "Malam, sa ƙafarka a ƙasa. Miƙe."

Na miƙe. Ruwan iyakarsa cinyata. Malam Sale ne a gabana, ya naɗe wando, ko rigarsa ba ta jiƙe ba. A bayansa Habu yana tsamo takarduna ɗaya bayan ɗaya, jan biro ya zube a aljihuna ya rina farar shadda.

Dariyar da aka yi a bakin dam ɗin nan, ina jin har tsallake an ji ta. Wata tsohuwa cikin 'yan biki ta zauna daɓas a kan yashi tana share hawaye. Sarkin Ruwa ya juya baya, kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa da ƙasan dam ɗin za ta buɗe, da na shige da godiya.

Sai Malam Sale ya ɗaga hannu, aka yi shiru. Ya ce, "Ku daina. Malam mai gaskiya ne. Wani da a takarda zai bar makinsa ya tafi, shi kuwa sai da ya shiga ya gwada da jikinsa." Mutumin da na ja wa jan biro ke nan ɗazu. Na ji hawaye ya zo mini, sa'ata ɗaya fuskata dama a jiƙe take.

Da muka fito, na je gaban jirginsa na duba da idon da ya kamata. Ruwa yana nan daidai kan layin gawayi, yashin da ke ƙarƙashi a bushe. Na ce, "Baba, ka yafe mini. Ka nuna mini yadda ake dubawa." Ya kama hannuna ya bi da shi bayan jirgin, yana ƙwanƙwasawa, yana nuna mini bambancin sautin wurin da faiba ta kama da wurin da iska ta shiga. Ya kai ni na Habu ya nuna inda Habu ya shimfiɗa faiba a kan ɗanyen katako, ya rufe da fenti. Habu yana gefe yana gyaɗa kai yana dariya, ya ce gobe da sassafe zai zo ya kama wa Baba aiki har sai ya iya. Haka ɗalibi ya koya wa mai jarrabawa jarrabawar, ina tsaye ina ɗiga, da takalmi ƙafa ɗaya.

Bayan sati uku na kai wa Malam Sale takardar shaidarsa da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu, ya juya ta, ya miƙo mini ya ce in karanta masa. Na karanta, ya ce in sake, ya kira matarsa ta tsaya a bayan ƙyaure ta ji. Ya yi ta hamdala, dariya ta ƙi barin bakinsa. A ranar na ci soyayyen kifin da ban taɓa cin irinsa ba.

Har yanzu akan tura ni jarrabawa, kuma na daina kafa dokar hana magana. Ina isa nake gaishe da wanda ya fi kowa furfura a wurin, in zauna kusa da shi in ce, "Baba, me kuka yi kafin in zo?" Sai ya gama bayani nake buɗe fayil. Hoto kuwa, a kan tudu nake ɗauka.