Rasuwar Na-Mafara, Mutum-mutumin da Aka Sa wa Babbar Riga

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fushin da na gaji da haɗiyewa, ni Malam Imrana, malamin kimiyya, nake sanar da ku rasuwar Na-Mafara, mutum-mutumin da ɗalibaina suka ƙera a nan Talata Mafara. Da yawanku yau ne za ku fara jin sunansa. Shekara guda yana zagaye a ɗakin bayan makaranta, kuna wucewa ta bakin tagar kuna kau da kai, kuna cewa wasan yara ne.

Marigayin ya fito daga gidan talakawa. Jikinsa tsohuwar jarka ce daga Morai, tayoyinsa na motar wasa ne. Zaharaddini ya haɗa masa wayoyi da dalma, Taibatu ta rubuta masa umarnin da yake bi. Aikinsa ɗaya ne: ya bi baƙin layi da idanun da ke ƙarƙashin cikinsa, ya kai kofin gero inda aka ce, bai zubar ba. Bai taɓa makara ba, bai taɓa neman a yaba masa ba. In ya isa, sai ya ce "ɗit-ɗit", ya tsaya.

Ya sha jinya tun yana ƙarami. Ya yi fama da kifewa, har Misbahu ya gano cewa batirin ya yi sama da yawa, aka sauke shi ƙasa. Ya yi makanta a cikin rana, aka yi wa idanunsa rumfa da kwali. A kan kowace cuta yaran suka koyi doka: a rage nauyi, a gwada sau da yawa, kada a ƙara komai ranar gasa.

Ciwon ajali ya same shi a Gusau, inda muka kai shi gasar makarantu. Da safiyar gasar, kwamitin iyaye ƙarƙashin Alhaji Bawa, waɗanda ba su taɓa leƙo mu ba, suka yanke cewa ɗan Mafara ba zai fita gaban manya tsirara ba. Sun riga sun sa wani tela a Bakura ya ɗinka masa babbar riga ta shadda, da aiki a wuya, da hula. Ɗinkin ya yi kyau, wannan ba na musu. Na yi magana, aka tuna mini shekaruna. Taibatu ta buɗe baki, aka dube ta, ta rufe.

Ya fito an yi tafi. Bakin rigar ya rufe masa ido, ya saki layi, ya nufi teburin alƙalai cikin natsuwa. Hannun rigar ya naɗe a taya. Ya ce "ƙirrr", ya yi hayaƙi, ya kwanta ta gefen dama. Hular ba ta faɗi ba.

Ya bar tayoyi masu lafiya, da caja, da kofin gero, da ɗaliban da yanzu ake yi wa dariya a hanyar gida. Rigar ma tana raye, tana hannun kwamiti.

Shugaban makaranta ya ce tunda an yi rashi, daga Litinin ɗakin zai koma ma'ajiyar karyayyun bencina, ƙungiyar ɗaliban da suka ƙera shi ta watse. Taibatu ajin ƙarshe take. In an rufe ɗakin, ba ta da wata gasar.

Ba za a binne shi ba. Za a kwance shi ranar Asabar bayan azahar, a ɗakin nan, a ware abin da ya rage don ƙera ƙaninsa. Masu zuwa daga Maradun su fito da wuri, motar yamma ba ta da tabbas. Ba ma karɓar ta'aziyya ta waya. Ku zo da ƙafarku, kowa da mataccen rediyonsa ko fankar da ta daina juyawa don mu ciri kayan haɗi, ku tsaya a ofishin shugaban makaranta, kada ku fito sai ya bar wa yaran nan makulli.