Yadda Za Ka Kai Firjin Matarka Ƙasar Waje Ba Ka Rasa Matar Ba

Bi matakan nan, na ba ka tabbaci firji zai isa, aure ma zai isa. Yayana ya gwada, kuma har yau da aurensa.

1. Kada ka yi musu. Za ta ce, "Baban yara, firjin nan Babana ya saya min da aka kawo ni. In ba ya tafiya, ni ma ina nan." Ba wasa take ba. Nemo igiya da kwali.

2. Haɗa masa 'yan rakiya. Dutsen guga, fanka, har janareta. Wai a can ba a ɗauke wuta. Masu faɗar haka ba su san za ka zo ba.

3. Gyara fulogi. Kun isa, firji ya biyo ku a jirgin ruwa, sai ka ga ƙafar fulogi uku, ramin bango biyu. Kada ka tambayi kowa, tambaya tana zubar da girman baƙo. Yanke kan, fere wayoyin da haƙori, cusa su, ka tokare da tsinken ashana kamar yadda muka saba.

4. Kunna da bismillah. Za ka ji ƙara, sannan ƙauri. Ƙarfin wutarsu ba irin namu ba ne, yanzu ka sani. Benen duka zai yi duhu, maƙwabta su fito suna lalube. Fita cikinsu, ka fi kowa mamaki.

5. Lallashi. Za ta zauna gaban firjin ta yi kuka, kuma kukan gaske ne, na kewar gida. Kada bakinka ya kuskura ya ce "a sayi sabo". Goge shi tas, ka kai shi falo, a riƙa ajiye takalman yara a ciki.

6. Kiran suruki. Duk mako zai kira ta bidiyo ya ce, "Ina firjin, yana aiki?" Ita ta riƙe waya, kai ka durƙusa bayan firjin kana gurnani a hankali kamar yana aiki. Yayana ya ƙware har yakan yi ɗan tari irin na injin.

Sanarwa: ran da tsohon ya ce, "Madalla, buɗe min in ga ƙanƙara," babu ruwana, ban san ka ba. Yayana ma ya ce kada a kira shi, maƙogwaronsa na ciwo.